Sari ko Ɗai-ɗai: Maganin Ciwon Sukari a Tsibiran Karibiyan da na Fasifik

Kwalbar insulin ba ta wuce tsawon babban yatsa ba. Mililita 10 ne a cikinta, wato awo 1,000 na maganin, kuma wanda likita ya ɗora a kan awo 40 kullum zai ga ƙarshenta cikin kwana 25. Akwai mai garai-garai kamar ruwan sha, akwai mai fari-fari wadda sai an mirgina ta tsakanin tafukan hannu ta gauraya kafin a zuƙa da sirinji. Kafin a buɗe ta sanyin firji take so, digiri 2 zuwa 8. In ta daskare ta lalace. In ta daɗe cikin zafi ƙarfinta ya ragu, kuma ido ba lallai ya gane ba. Yaron da jikinsa ya daina yin insulin gaba ɗaya, wato mai nau'in farko na ciwon sukari, idan kwalbar nan ta yanke masa, cikin 'yan kwanaki zai fara amai, numfashinsa ya yi zurfi, daga nan sai suma.

A 1921 aka gano maganin a birnin Toronto na Kanada, kuma waɗanda aka rubuta haƙƙin mallakarsa da sunansu sun sallama wa jami'ar birnin a kan dala ɗai-ɗai, don kada kuɗi ya shiga tsakanin maras lafiya da rayuwarsa. Yau kamfanoni uku ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa: Novo Nordisk na Denmak, Eli Lilly na Amurka da Sanofi na Faransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2021 cewa a cikin masu nau'i na biyu da ke buƙatar insulin, rabi ne kawai ke samunsa. Ƙananan ƙasashen tsibirai ba sa yin nasu. Duk kwalbar da za ta shiga hannun maras lafiya a can sai ta ƙetare teku, haka ƙwayoyin metformin da gliclazide da yawancin masu ciwon ke haɗiya safe da yamma, haka sirinji, haka tsinken gwajin jini. Rukuni biyu na irin waɗannan ƙasashe sun ɗauki hanya biyu wajen sayen kayan nan. Na gabashin Karibiyan sun haɗa kuɗi suna saro wa tare. Na tekun Fasifik kowa na sayen nasa.

Ciwon ya fi tsanani a Fasifik, nesa ba kusa ba. Nawuru tsibiri ne mai murabba'in kilomita 21, mutanensa kusan 12,000. An shafe shekaru ana haƙar ma'adinin takin zamani a cikinsa har aka farfashe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar, kuɗi ya shigo, noma ya mutu, abinci ya koma na gwangwani da buhu. Da likitan Ostareliya Paul Zimmet ya auna jinin mutanen a 1975, ya tarar da ciwon a jikin mutum ɗaya cikin kowane manya uku. A Tsibiran Mashal, inda Amurka ta gwada makaman nukiliya sau 67 tsakanin 1946 da 1958, an kwashe jama'a daga garuruwansu da wuraren kamun kifinsu, aka riƙa ciyar da su farar shinkafa, fulawa da naman gwangwani, kuma abincin ya zauna. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta sa Nawuru, Mashal da Kiribas cikin ƙasashen da ciwon ya fi kamari, kowacce sama da kashi 20 cikin 100 na manya. Ko da wata ƙasar ta yunƙura don kare tukunyarta, ba a barin ta. Samowa ta hana shigo da jelar talotalo mai kitse a 2007, amma sai da ta yarda ta janye haramcin kafin a karɓe ta a Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2012. A gabashin Karibiyan abin bai kai haka ba, ya fi tsayawa tsakanin mutum ɗaya cikin goma da ɗaya cikin shida. Ke nan inda buƙata ta fi yawa, a nan ne hanyar sayen ta fi rauni, kuma wannan ne ya sa batun ya tsaya mini a rai.

Ga yadda na Karibiyan suka yi. A 1981 ƙananan tsibiran gabashin yankin suka kafa Ƙungiyar Ƙasashen Gabashin Karibiyan, OECS, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Basseterre. Shekara biyar bayan nan, a 1986, suka buɗe ofishin sayen magani na haɗin gwiwa a Kastris, babban birnin Sent Lushiya, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Tsibirai tara ne suka daɗe a cikinsa: Antigwa da Barbuda, Dominika, Girenada, Sent Kits da Nebis, Sent Lushiya, Sent Binsent, Monsarat, Angwila da Tsibiran Birjin na Birtaniya. In aka tara mutanensu duka ba su kai 700,000 ba. Monsarat ita kaɗai ba ta cika 5,000 ba, wato da wuya ka sami kamfanin magani da zai ɓata lokacinsa ya amsa wasiƙarta.

Kowace ƙasa tana ƙiyasta abin da asibitocinta za su sha, ta aika Kastris. Ofishin ya haɗa lissafin ya zama guda, ya kira kamfanonin da aka riga aka tantance su kawo farashi. Jami'an magunguna na ƙasashen su zauna su zaɓa. Wanda ya ci kwangilar shi zai riƙa aika kaya kai tsaye zuwa kowane tsibiri, a kan farashi ɗaya, ko Sent Lushiya ce ta yi oda ko Monsarat. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan kasuwa biyar sun haɗa kuɗi sun saro mota guda ta hatsi a Dawanau ya san dabarar. Amma abu biyu ne suka sa ta yi aiki a nan, kuma su ne ake yawan tsallakewa in ana yabon tsarin.

Na farko alkawari. Ƙasashen sun ɗaure kansu cewa duk maganin da ke cikin jerin kwangila, daga hannun wanda ya ci kwangilar kaɗai za su saya. Ba a yarda wani minista ya ga farashin da aka samu, sannan ya kewaya ta baya ya ba wani dillali da ya sani ba. Kamfani yana sauke farashi ne idan ya tabbata cewa adadin da aka faɗa masa shi za a saya.

Na biyu uwar adashe. Takwas daga cikin tsibiran tara kuɗi ɗaya suke kashewa, dalar gabashin Karibiyan, wadda aka ɗaure a kan 2.70 ga dalar Amurka tun 1976, kuma babban banki ɗaya gare su a Sent Kits. Da aka fara, ƙasashen sun zuba kashi ɗaya bisa uku na kasafin maganinsu na shekara a asusu na musamman a bankin. In kaya sun iso, banki ne ke biyan kamfani da kuɗin waje, ƙasa kuma ta mayar da abin da aka cire a asusunta. Mai sayarwa ba ya bin ma'aikatun kuɗi tara yana roƙon haƙƙinsa. A zagayen farko farashi ya faɗi da fiye da rabi. Ofishin ya ɗora ladan kashi 15 cikin 100 a kan kowace oda, kuma zuwa 1989 yana ɗaukar nauyin kansa ba tare da kuɗin Amurka ba. Daga baya ma aka rage ladan. Ni wannan ne ya fi burge ni a labarin duka. Ayyukan tallafi nawa muka gani sun rasu ranar da mai ba da tallafin ya naɗe tabarmarsa? Wannan yana nan kusan shekara arba'in.

Amfanin bai tsaya a farashi ba. Tunda jerin magungunan ɗaya ne, likitan Girenada da na Dominika kusan abu ɗaya suke rubutawa, kuma in sito ya yanke a wani tsibiri ana iya aro daga maƙwabci. Mai ciwon sukari ya fi kowa sanin darajar wannan. Tsinken gwajin jini ba ya shiga kowace na'ura, kowane kamfani da nasa. Na'urar ana iya ba da ita kyauta, tsinken ne ake saye har ƙarshen rai. Insulin ma akwai mai awo 100 a mililita, akwai mai awo 40 da har yanzu ake yi a Indiya, kuma kowanne da sirinjinsa. In aka zuƙi mai ƙarfin da sirinjin mai raunin, maras lafiya ya sha ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, sukarinsa ya faɗi warwas, yana iya mutuwa kafin gari ya waye. Mai saye ɗaya da ke tsayawa a kan kaya iri ɗaya yana toshe wannan ƙofar.

A Fasifik kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Fiji, mai mutum sama da 900,000, wadda ita kaɗai ta fi tsibiran Karibiyan tara ɗin nan yawa, tana da babbar cibiyar sayen magani a Suba. Tonga, Samowa, Banuwatu, Kiribas, Tubalu da sauransu kowacce tana da sitonta, da 'yan tsirarun masana magani, wani wurin ɗaya ko biyu, suna oda daga dillalai a Ostareliya, Niyu Zilan, Indiya ko Holan. A yawancinsu magani kyauta ne ko kusan kyauta a asibitin gwamnati, wanda abin a yaba ne. Sai dai kyautar tana da ma'ana ne ranar da akwai kaya a kanta. Tubalu mutum kusan 11,000 ne a tsibirai tara, da asibiti ɗaya a Funafuti. In ta yi oda kaɗan, kuɗin dako ya cinye ta. In ta yi da yawa don ta sami rangwame, rabi ya lalace a sito kafin a sha. In lissafi ya kuskure kaya suka ƙare, sai odar gaggawa ta jirgin sama da tsadarta, ko a jira abin da masu taimako za su aiko, wanda sau da yawa ba irin wanda aka saba da shi ba ne.

Ba don ba su ga matsalar ba. Tsarin haɗin kan yankin da shugabanninsu suka amince da shi a 2005 ya ambaci sayen man fetur da magunguna a dunƙule. A 2011, a taronsu na Oklan, sun ayyana cututtukan da ba a ɗauka a matsayin bala'in da ya afka wa yankin. A 2014 ministocin kuɗi da na lafiya sun zauna tare a Honiyara sun amince da taswirar aiki. Duk da haka babu wani ofishi irin na Kastris da ke saya wa yankin metformin da insulin.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce nisa, kuma hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Tsibiran gabashin Karibiyan a jere suke kamar carbi. Daga wani kana hango wani in gari ya yi haske, daga farkonsu zuwa ƙarshensu bai kai kilomita 1,000 ba, ga tashar Miyami kusa. Kiribas kuwa tsibirai 33 ne warwatse a kan ruwa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 3.5. Daga Tarawa, babban birninta, zuwa tsibirin Kiritimati ya haura kilomita 3,000, ya fi tsakanin Kano da Alƙahira, kuma matafiyi yakan fita ƙasar ya bi ta Fiji kafin ya sake shiga ta wancan gefen. Ga bambancin kuɗi: Kiribas, Nawuru da Tubalu dalar Ostareliya suke kashewa, Mashal da Falau ta Amurka, Tonga, Samowa, Fiji da Banuwatu kowacce da nata. Ga gadon mulkin mallaka: wasu tsarin likitancin Amurka suka gada, wasu na Faransa, wasu na Birtaniya da Niyu Zilan, alhali tsibiran Karibiyan ɗin nan tara duk tsarin Ingila suka gada, har kotun ƙoli ɗaya gare su, wadda aka kafa a 1967.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti a wani tsibiri na nesa, ita ce likita, ita ce unguwarzoma, ita ce mai ba da magani. Tana da firji mai aiki da hasken rana wanda aka kawo don alluran rigakafin yara, a gefensa take saka kwalaben insulin. Jirgin ruwa na zuwa ne in teku ta yarda, kuma in injinsa bai lalace ba. Tana da littafi da take ja wa layi da biro, sunayen masu sukari a gefe, adadin ƙwayoyi a gefe. In ta ƙirga ta ga saura na sati uku, jirgi kuma ba labari, sai ta fara raba na wata ɗaya gida biyu. Wani dattijo ya shigo yana ɗingishi, dutsen murjani ya yanke shi a tafin ƙafa wajen kamun kifi kwana goma da suka wuce, bai ji zafi ba saboda ciwon ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji. Yanzu wurin ya zama gyambo, yana wari. Ta wanke, ta ɗaure, ta so ta auna sukarinsa, tsinken da ya rage na wata na'ura ce da aka ba su kyauta wadda batirinta ya mutu. Babu kwangilar da za a sa wa hannu a babban birni ta matso da tsibirin nan kusa da taku ɗaya. Wannan gaskiya ne.

Amma tafiyar kwalbar zango biyu ce. Akwai daga masana'anta zuwa babban birni, akwai daga babban birni zuwa hannun ma'aikaciyar nan. Nisa yana bayyana wahalar zango na biyu. Zango na farko kuwa magana ce ta wa ya yi oda, nawa ya yi, wa ya tantance ingancin, wa zai biya kuma yaushe, kuma duk wannan a kan takarda da asusun banki ake yin sa. A Karibiyan ma ai ba a tara kayan a sito ɗaya, farashi da kwangila kawai aka haɗa. Abin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi a cikin Fasifik ɗin yake. Tun shekarun 1990 ƙasashen yankin fiye da goma ke sayen alluran rigakafin yara tare ta hannun UNICEF, wadda ke fara biya su kuma su mayar, ana ajiye alluran a ɗakin sanyi a Nadi ta Fiji, daga nan a rarraba. Rigakafi ma sanyin digiri 2 zuwa 8 yake so, tekun da yake ƙetarewa ita ce dai wadda insulin zai ƙetare. An sami uwar adashen da kowa ya yarda da ita, sai nisa ya daina zama katanga. Bambancin da na gani shi ne duniya ta daɗe da ɗaukar rigakafin yara aikin kowa, ciwon sukari kuwa an bar shi a matsayin matsalar mai shi da abin da ya ci.

Kada a ɗauka na Karibiyan sun gama. Raunin tsarinsu a wurin da ƙarfinsa yake. In wata ƙasa ta shiga matsin kuɗi ta yi jinkirin mayar da abin da aka cire a asusunta, kamfanoni kan riƙe kaya, kuma saboda sunan ƙungiya ɗaya ne a kan kwangilar, laifin ɗaya na iya shafar darajar sauran. Wannan ya sha faruwa. Sannan ƙiyasin da ƙasa ta aika in ya karkace, ba abin da ofishin Kastris zai iya yi. Har yau ana yanke ƙafafu a asibitocin yankin, har yau akwai masu ciwon da ba su san suna da shi ba. Magani mai araha a kan kanta ba ya duba ƙafar kowa, ba ya kiran wanda ya daina zuwa asibiti. Abin da zan ce dai shi ne sun fi saurin ɗaukar abin da muhimmanci: a Satumban 2007 shugabannin ƙasashen Karibiyan suka yi taro na musamman a Fot of Sifen kan cututtukan da ba a ɗauka irin su ciwon sukari, karo na farko da shugabannin wani yanki suka yi haka, kuma matsin lambarsu na cikin abin da ya kai ga babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011.

Akwai kuma iyakar da sari ba ya ƙetarewa. Metformin masana'antu da yawa ke yin ta, musamman a Indiya, don haka in ka zo da oda mai kauri za su yi rububinka. Insulin kuwa a hannun kamfanoni uku yake, kuma mutum 700,000 ba su isa su girgiza su ba. A 2024 Novo Nordisk ya daina kai wa asibitocin gwamnatin Afirka ta Kudu insulin na cikin alƙalamin allura, ya ce layin masana'antarsa ya yi kaɗan, a daidai lokacin da kasuwar alluransa na sukari da rage ƙiba, Ozempic da Wegovy, ke bunƙasa a ƙasashe masu kuɗi. Aka mayar da marasa lafiya kan kwalba da sirinji, ciki har da tsofaffin da idonsu ba ya ganin layin awo. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 60. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Akwai masu yin insulin a Indiya da Sin, irin su Biocon da Gan & Lee, amma ƙaramar ƙasa da ba ta da hukumar tantance magani ba ta da hanyar sanin wanne za ta amince da shi. Nan ma haɗin kai ne ke cike giɓin. Karibiyan na da ɗakin gwajin magunguna na yanki a Jamaika, kuma a 2016 suka kafa tsarin tantancewa na bai ɗaya. Fasifik ta dogara da hukumar magunguna ta Ostareliya, wadda ta fara gwada musu samfura a 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta buɗe ƙofar tantance insulin na wasu kamfanoni a Nuwamban 2019 don masu saye su sami zaɓi.

Guguwa ba ta bambanta tekunan biyu. A Satumban 2017 guguwar Irma ta sa aka kwashe mutanen Barbuda kaf, kwanaki kaɗan bayan nan Mariya ta daki Dominika ta yi ɓarnar da ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, wuta ta ɗauke watanni. A ranar 15 ga Janairun 2022 dutse ya yi aman wuta a ƙarƙashin tekun Tonga, toka ta rufe filin jirgin sama, wayar intanet ta ƙarƙashin ruwa ta tsinke kusan sati biyar. A irin wannan rana mai insulin tambayarsa ɗaya: kwalbar da ke hannuna ta mutu ko tana nan? Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021 ya kawo sauƙi. Sun gwada insulin a irin zafin da aka auna a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahale a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga ya riƙe ƙarfinsa tsawon sati huɗun da ake amfani da kwalba bayan buɗewa. A ƙasashe masu zafi irin su Sudan an daɗe ana ajiye shi cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, dabarar da duk mai randa a tsakar gida ya san asalinta, wadda malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ma'anar wannan ga tsibirai babba ce: maras lafiya na iya tafiya gida da kwalbarsa ko ba shi da firji. Abin da ya rage shi ne kwalbar ta iso.

Lissafin kuɗin kansa yana bayan mai sayen magani da wuri. Wani nazari na Bankin Duniya ya gano cewa wankin ƙodar mutum ɗaya a Samowa a 2010 zuwa 2011 ya ci fiye da dala 38,000 a shekara, sama da ninki 12 na matsakaicin abin da ɗan ƙasar ke samu. Da wannan kuɗin ana iya ɗaukar nauyin ƙwayoyin sukari da na hawan jini na ɗaruruwan mutane. A Fiji jami'an lafiya sun sha faɗin cewa kusan sau uku a rana ake yanke wa wani gaɓa saboda ciwon sukari. Mai kamun kifin da ya rasa ƙafa ya bar kwalekwale, 'yarsa ta bar makaranta tana jinyarsa. A 2022 ƙasashen duniya, har da waɗannan tsibirai, suka yi alkawarin cewa zuwa 2030 duk mai nau'in farko zai sami insulin da kayan gwaji a farashin da zai iya, kuma a Yunin 2023 ministocin ƙananan tsibirai suka sake jaddada irin wannan ƙuduri a Birijtawun ta Barbados.

In aka ce in zaɓa, hanyar Karibiyan zan ɗauka, kuma ina ganin ba sai Fasifik ta jira ƙasashe goma sha huɗu sun yarda a rana ɗaya ba. Kiribas, Nawuru da Tubalu kuɗi ɗaya suke kashewa, kayansu da yawa ta Fiji ko Ostareliya suke bi, kuma ciwon ya addabe su duka. Su ukun za su iya farawa da jeri gajere: metformin, gliclazide, insulin iri biyu masu awo 100, sirinjinsu, na'urar gwaji iri ɗaya da tsinkenta. Ba su da babban banki na tare, don haka sai an nemo wanda zai riƙe asusun ya biya kan lokaci, kamar yadda UNICEF ke yi wa rigakafi. Ostareliya da Niyu Zilan, masu kashe kuɗi wajen aika likitocin tiyata da karɓar marasa lafiyar da ake turo musu, da sun zuba wani kaso a irin wannan asusu da ya fi kai wa inda ake so.

Tsibiran Afirka sun riga sun kama hanyar. A Satumban 2020 Kabo Berde, Komoros, Gini Bisau, Madagaska, Morishus, Sawo Tome da Sishel suka sa hannu kan yarjejeniyar sayen magani tare, kuma a Maris ɗin 2024 aka zaɓi Morishus ta karɓi ofishin. Ita kanta Morishus fiye da mutum ɗaya cikin manya biyar ne ke da ciwon sukari. Waɗannan ba su da ko ɗaya daga cikin gatan Karibiyan: wasu suna tekun Atlantika wasu suna tekun Indiya da nahiya guda a tsakani, harsunan aikinsu Fotugis, Faransanci da Ingilishi, kuɗinsu bakwai daban-daban. Ta wannan fuskar sun fi kama da Fasifik. Abin da nake sa wa ido a kansu shi ne wa zai riƙe asusun, da abin da za a yi wa ƙasar farko da ta yi jinkirin zubi.